Darasin Injiniya a Gindin Duwatsun Adar

Wanda ya bar Madawa ya yi arewa, ya ratsa Buza ya nufi Keita, ba sai an gaya masa ba zai gane cewa ruwa ne ya sassaƙa wannan ƙasa ta Adar. A sama akwai tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, lulluɓe da marmara da baƙar tsakuwa. Daga nan sai gangare, sannan kwari a ƙasa inda gero da dawa da albasa suke. Ruwan shekara a nan bai cika wuce milimita 400 zuwa 500 ba, kuma ba ya zuwa da lallami. Hadari ɗaya na iya juye ruwan makonni cikin sa'a guda a kan fako, ƙasar da ta ƙeƙashe har ɗigo ba ya shigarta. Sai ruwan ya kwashi ƙasa ya gangara, ya haɗu a ƙorama, ya ci gefen gonar wani, ya binne ta wani da yashi.

Ga ɗan lissafin da yaron aji biyar zai iya yi a kan allo. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ke nan. Milimita 400 a kan hekta guda kuwa lita miliyan 4 ne. Ashe ruwan da ke sauka a Adar ba kaɗan ba ne, tsayawa ne ba ya yi. Shekara hamsin ke nan mutanen gundumomin nan uku na jihar Tawa suna kokawa da wannan ruwa mai gudu da iskar da ke biye da shi, kuma sun bar alamun kokawar a ko'ina: jerin duwatsu, ramuka, madatsai, layukan itatuwa. Da wuya a sami wani yanki a Sahel da aikin injiniya yake a fili kamar nan, a bakin hanyar da yara ke bi zuwa lakwal kowace safiya. Abin tambaya shi ne me ya sa wannan aiki yake tsayawa a ƙofar aji.

Abin da Majiya da Keita suka gwada

A 1975, bayan babban farin farkon shekarun 1970, ma'aikatan gandun daji na Buza tare da ƙungiyar CARE suka fara dasa shingayen tare iska a kwarin Majiya. Iska ce ke kwashe ƙasar sama da rani, ta kuma binne sabon tsiro da yashi a farkon damina. Aka zaɓi dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi ko darbejiya, aka dasa shi layi biyu-biyu a gicciye da iska, da tazarar mita 100 tsakanin shinge da shinge. Kafin ƙarshen shekarun 1980 tsawon shingayen ya kai ɗaruruwan kilomita, kuma awon da aka yi a gonakin da ke tsakaninsu ya nuna ƙarin amfani da ya kama daga kashi 15 zuwa 23 cikin 100.

Abin da ya fi wannan adadi amfani ga malamin makaranta shi ne matsalolin da suka biyo baya. Dogon yaro in ya girma, ƙasansa yakan zama fayau, iska ta riƙa ratsawa ta tsakanin kututture. Sai aka koma haɗa shi da bagaruwa mai rassa har ƙasa. Inuwarsa da saiwoyinsa suka riƙa rage geron da ke kusa da shi, sai aka shiga gwada sare kawunan itatuwan lokaci-lokaci, abin da ya ba ƙauyuka azara da itacen girki. Hana dabbobi shiga kwarin har dashen ya kama kuwa ya takura wa makiyaya da matan da ke kiwon awaki, matsalar da ba ta cikin zanen farko. Kowane gyara ya zo ne bayan an ga inda na baya ya gaza.

A Keita abin ya fi girma nesa. A 1984, shekarar da fari ya sake yin ɓarna, aka ƙaddamar da aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, hukumar FAO tana gudanarwa, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana biyan ma'aikata da hatsi da mai. An rarraba maganin ne bisa yanayin ƙasa. A kan tudu, tarakta ta farfasa fako aka ja kunyoyi masu tsawo aka lulluɓe su da dutse. A gangare aka haƙa dogayen ramuka a gicciye, kowanne da ɗan icce a ciki. A cikin ƙorama aka jera ragar waya cike da duwatsu domin karya ƙarfin ruwa, a wasu wurare aka gina madatsai sosai. Rahotannin aikin sun nuna cewa zuwa 2003 an farfaɗo da fiye da hekta 34,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an yi hanyoyin karkara sama da kilomita 300. Mafi yawan masu ɗaukar dutsen mata ne, domin maza sun tafi cin rani Najeriya ko Kodebuwa ko Libiya. Kakannin yaran da ke aji a yau su ne suka ɗauki waɗannan duwatsu a ka.

Sai dai akwai bambanci tsakanin ɗaukar dutse da sanin dalilin ajiye shi a nan ba can ba. A aikin furoje, kamar yadda ake kiransa, awo da zane suna hannun ƙwararru, ƙauye ya ba da ƙarfi. Da furoje ya naɗe tabarmarsa, waya ta tsinke, madatsa ta cika da laka, ruwa ya sami sabuwar hanya ta gefen ginin, ba kowane ƙauye ne ke da wanda zai tsaya ya ce ga abin da ya faru, ga yadda za a gyara ba.

A gundumar Illela da ke maƙwabtaka an ga wani salon. A 1989 wani shiri da asusun IFAD ya tallafa ya kai wasu manoma ƙalilan lardin Yatenga na Burkina Faso, suka ga yadda ake farfaɗo da matacciyar ƙasa da ƙananan ramuka. Ramin shuka irin wannan, tassa, ba baƙo ba ne a Adar. Abin da suka ƙaro shi ne faɗaɗa ramin, tara ƙasar da aka haƙo ta ɓangaren gangare domin ta tare ruwa, da zuba taki a ciki tun da rani. Suka gwada a 'yan gonaki, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, kowa yana sauya girman rami da tazara daidai da ƙasarsa. Har ta kai ana sayen fakon da a da ko kyauta ba a so. Dabarar da mutum ya fahimci yadda take aiki, yake kuma da ikon taɓa ta, ita ce ke yaɗuwa ba tare da buhun abinci ba. A ganina wannan shi ne hujja mafi ƙarfi ta koya wa yara tunanin injiniya tun suna firamare.

Abin da ake nufi da koyarwa ta hanyar aiki

Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1918 William Kilpatrick, almajirin John Dewey a Amurka, ya yi rubutu kan koyarwa ta hanyar ba yara wani aiki na gaske mai manufa. A Faransa, Georges Charpak, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziya a 1992, ya jagoranci shirin La main à la pâte a tsakiyar shekarun 1990 domin yaran firamare su riƙa gwaji da hannunsu. A 2003 gidan kimiyya na Boston ya fito da manhajar injiniya ta 'yan firamare, wadda ta taƙaita aikin a matakai biyar: yaro ya tambayi mene ne matsalar kuma me aka ba shi na aiki, ya kawo dabaru fiye da ɗaya, ya zaɓi guda ya zana ta, ya ƙera ya gwada, sannan ya gyara. Daga gyara a sake komawa tambaya.

Matakin ƙarshen nan shi ne ya raba wannan hanya da abin da muka saba. A ajinmu amsa iri biyu ce, daidai ko kuskure, kuma kuskure jan biro yake jawowa, wani lokaci har da bulala. A aikin injiniya kuwa abin da ya rushe labari yake bayarwa. Yaron da ginin lakarsa ya faɗi ya san wani abu game da laka da wanda bai gina ba bai sani ba, in dai an tambaye shi ta ina ya fara tsagewa.

Yaranmu sun riga sun san wannan a wajen makaranta. Dubi mai ƙera motar kara ko ta gwangwani: ya yanka tayoyi daga tsohon silifa, ya tura, motar ta karkace, ya cire gindin ya daidaita, ya sake turawa. Ba wanda ya ba shi maki. Haka Falke Barmu, manomi kuma magini, ya yi ta ƙari da gyara a masallacin Yama na jihar Tawa tsawon shekaru har ginin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Haka Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya ɗauki tukwane biyu da jiƙaƙƙen yashi a tsakani ya yi abin sanyaya kayan miya da ya ba shi kyautar Rolex a 2000.

Gurbin da ke akwai, da abin da aka cika shi da shi

Nijar ba ta buƙatar shigo da sabon darasi daga waje, domin gurbin yana nan a jadawali. Tun ƙarshen shekarun 1980 manhajar firamare ta ƙunshi abin da malamai ke kira APP, wato ayyukan hannu da na samar da amfani: lambu, kiwo, saƙa, ɗinki da makamantansu. Kuma a jihar Tawa ne, a 2004, hukumar JICA ta Japan ta fara shirin Makaranta Don Kowa, wanda ya ƙarfafa kwamitocin iyaye da malamai da aka sani da COGES kafin tsarin ya bazu a ƙasa baki ɗaya. Ta hannun irin waɗannan kwamitoci ne magini ko maƙeri ko mai lambu zai iya shiga makaranta a matsayin mai koyarwa.

Amma duk wanda ya yi lakwal a karkara ya san abin da sa'ar APP takan zama in ba kayan aiki, ba horo: sharar fili, ɗebo ruwa, ban ruwan dashen da darakta ya zaɓa a wurin da darakta ya nuna. Iyaye suna da gaskiya in suka ce ba su kai ɗansu makaranta don ya yi aikin da yake yi a gida ba. Yaron da aka ce ya haƙa ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata guda ashirin a bayan aji leburanci ya yi. Wanda aka nuna wa inda ruwa ke cin gindin katangar makaranta, aka ce shi da 'yan ƙungiyarsa su nemo dabara, su zana, su kare ta a gaban aji, shi ne ya yi karatu, ko da rabin wata ɗaya tak suka haƙa. Ma'aunin shi ne wa ya yanke shawara.

Yadda darasin zai kasance

A ce ajin CM1 ne, wato aji biyar, a wani ƙauye na kwarin Tarka ko na gindin dutsen Keita, cikin watan Janairu. Malam ya fita da yara su bi sawun ruwan bara a filin makaranta: inda ya zaizaye, inda ya ajiye yashi, inda ya kwanta. Su zana taswirar a littafi. Wannan kaɗai darasin ƙasa ne da na awo.

Sai gwaji a ƙaramin sikeli. Kowace ƙungiya ta yara shida ta tara ƙasa ta yi ɗan gangare mai tsawon taku biyu, ta daddaɓe shi ya yi tauri. Ruwan sama shi ne gwangwanin tumatir da aka huhhuda da ƙusa, ana cika shi sau uku, a riƙe a tsayi ɗaya ga kowa. A ƙasan gangaren a binne kwano ya tari abin da ya gudu. Sharaɗin: tsakuwa ashirin kawai aka ba kowace ƙungiya, da kara biyar. Wa zai rage ruwan da ke shiga kwano, wa kuma zai sa ya fito garau ba jawur ba?

Abin da zai faru sananne ne ga duk wanda ya yi aikin gyaran ƙasa. Wasu za su jera tsakuwar tana bin gangare, ruwa ya wuce abinsa. Wasu za su yi babbar kunya ɗaya ta ƙasa a can ƙarshe, ta riƙe gwangwanin farko, ta riƙe na biyu, a na uku ta ɓalle ta kwashe komai, ɓarnar ta fi ta inda ba a yi komai ba. Wata ƙungiya za ta raba tsakuwar layi biyu ko uku a gicciye, ta ga ruwa yana ratsawa a hankali, laka tana taruwa a bayan kowane layi. A nan malam zai ciji harshensa. In ya faɗi amsa, darasi ya mutu. Tambaya kawai zai yi: ta ina ta fara ɓallewa? Me ya sa nan? In aka ba ku tsakuwa biyar ƙari, ina za ku sa? Sai a rushe, a sake. Yaran sun gano da hannunsu abin da ya sa jerin dutse ke tace ruwa ya bar shi ya wuce, kunyar ƙasa kuwa take riƙewa har ta fashe, da abin da ya sa ake tare ruwa tun daga sama kafin ya yi ƙarfi.

Mako na gaba sai awon daidaito, da kayan da manoman Yatenga suka koya tun farkon shekarun 1980: siririn tiyo mai haske cike da ruwa, an ɗaure bakinsa biyu a jikin sanduna biyu masu zane iri ɗaya. Yarinya ɗaya ta tsaya da sandarta, ɗaya ta yi gaba tana matsawa sama ko ƙasa har ruwan ya tsaya a zane ɗaya a sandunan biyu. A kafa turke. Ta baya ta wuce gaba, a sake. Bayan turaku goma sai ga layi ya fito a ƙasa yana lanƙwasa, ba miƙaƙƙe yadda ido ya zata ba, kuma ko'ina a kansa tsayi ɗaya ne. Yaran da suka ga wannan ba za su sake kallon jerin duwatsun da ke gonar kakarsu kamar da ba.

Daga nan a fita aikin gaske, ƙarami. Rabin wata irin wanda ake yi a gonaki faɗinsa wajen mita 4 ne, bakinsa yana kallon inda ruwa ke fitowa, ana jera su a saɓe yadda abin da ya kuɓuce wa biyu na sama zai faɗa na ƙasa, kimanin 313 a hekta. Yara su lissafa nawa filinsu zai ci, su yi gardama kan inda za a sa guda uku da za su iya haƙawa. Ko su ɗauki rufin aji: in tsawonsa mita 9 ne faɗinsa 7, ruwan milimita 20 zai zubo lita 1,260, fiye da duro shida. Ina wannan ruwa yake zuwa yanzu? A Madawa, inda albasa ke ruɓewa a rudu, wato rumbun ajiyarta, kafin farashi ya tashi, wata ƙungiya na iya ƙera ƙananan rudu biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a kan dandamali mai shan iska, su riƙa ƙirga ruɓaɓɓu duk mako.

Abubuwan da ke tare hanya

Za a ce yaron da bai iya karatu ba ina shi ina injiniya. Maganar tana da nauyi: a binciken PASEC na 2014, ɗaliban ƙarshen firamare na Nijar da suka kai matakin da ake so a karatu ko lissafi ba su kai ɗaya cikin goma ba. Amma aikin da aka bayyana a sama cike yake da awo, ninkawa, rabawa da rubuta abin da aka gani, kuma lambar da yaro ya samo daga kwanonsa ta fi zama a kansa fiye da wadda ya kwafa. Harshe ma yana ciki. Yaro ba zai yi gardama kan dalilin fashewar kunya da Faransancin da yake haddacewa ba. Nijar ta fara gwajin makarantu masu koyarwa da harshen gida tun 1973, kuma a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Darasi irin wannan wuri ne da ya dace a bar yara su yi tunani da Hausa ko Tamashek, sannan a rubuta sakamako da harshen jarrabawa.

Sauran matsalolin na zahiri ne. Aji mai yara sittin ko fiye, wani a rumfar zana wadda sai bayan girbi ake kafa ta. Malamin kontiragi da bai taɓa ganin an koyar haka ba a lokacin horonsa, kuma yana tsoron sufeto ya iske yaransa cikin laka. Ruwan gwajin kansa sai an ɗebo daga rijiya, kuma in ba a kula ba 'yan mata za a tura ɗiba, maza su riƙe sandar awo. Wannan sai malam ya hana da gangan, ta hanyar juya aiki a cikin kowace ƙungiya. A yankin da mata suka ɗauki mafi yawan duwatsun da ake gani, barin 'ya'yansu mata a bakin rijiya zai zama maimaita tsohon rabon aiki ne a cikin aji.

Akwai kuma matsalar kalanda. Makarantu suna buɗewa a Oktoba su rufe a ƙarshen Yuni, ruwa mai ƙarfi kuwa a Yuli da Agusta yake zuwa. Wato babban gwajin duk abin da yara suka gina yana faruwa ne suna gona. Maganin ba mai tsada ba ne. Kafin hutu su kafa sanda mai zane a cikin kowane rabin wata da bayan kowane jerin dutse, su rubuta hasashensu a takarda, wanne zai riƙe, wanne zai ɓalle, darakta ya ajiye. Yara biyu ko uku da ke kusa su riƙa leƙawa bayan kowane babban ruwa, su auna abin da ya taru a gwangwanin da aka kafa a fili. A makon farko na Oktoba, ajin da ya koma CM2 ya buɗe takardun, ya auna lakar da ta hau kan sanduna, ya nemo inda ruwa ya zagaye, ya zana gyaran da za a yi kafin damina mai zuwa, sannan ya miƙa wa sabon CM1 taswirar da duk kurakuran da ke cikinta.